Buzun Kawu Ila

Ka gan shi. Kada ka ce ba ka gan shi ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Tanout ta nufi Tenhya ya ga tudun rairayin nan da ya durƙusa a bayan Garin Ɗan Azumi. Ka leƙa ta tagar mota, ka ce "Allah ya kyauta", ka mayar da idonka kan wayarka. Bara ma haka ka yi. Tsakanin bara da bana tudun ya cinye garken awaki guda, ya binne aduwar bakin gari har wuya, ya matso ya tsaya yana leƙen rijiya. Mutanen garin suna kiransa Baƙo, wai don ya zo bai yi sallama ba, kuma ba shi da niyyar ban kwana. Suna faɗa suna dariya. Dariyar nan ita ta fi ƙona wa Ramla rai.

Ramla ɗiyar garin ce, ma'aikaciyar gandun daji a Tanout. Da ruwan rijiyar nan aka yi mata wankan farko, kuma a duk karkarar babu wata rijiya mai ruwan daɗi sai ita. Ta san maganin tudu, don ba wani asiri ba ne. A kafa shingen karan gero a ƙololuwarsa, layi bayan layi, iska in ta kwaso rairayi sai ta zubar da shi a gindin shinge maimakon ta gangaro da shi gari. Kara kuwa ga shi nan jibge a gonaki, an gama girbi. Hawan ne matsala. Fuskar tudun da ke kallon gari a tsaye take, ga laushi kamar garin tuwo. Jaki in ya taka sai ya nutse har ciki, ya tsaya yana kuka. Mutum mai dami a ka in ya yi gaba kaɗan sai rairayi ya dawo da shi, kafin ya kai rabi ƙirjinsa ya kama wuta. Zagayawa ta baya kuma tafiyar wuni ce.

Ranar da ta je gaida Maigari Idrisa a zaurensa, bai ɓoye mata komai ba.

"Ɗiyata, mun zauna da dattawa. Kafin iskar rani ta kankama za mu kwashe, mu koma bakin hanya."

"Ranka ya daɗe, rijiyar fa?"

"Wanda ya ba Ɗan Azumi ruwa a nan ya kafa garin, shi zai ba mu a can."

"Baba, ruwan can zartsi ne. Ko jaki sai ya yi shawara da kansa kafin ya sha."

Maigari ya yi murmushi. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Ya ce kara abincin dabbobi ne, dannin gida ne, ba zai sa talakawa su kwashe shi su zubar a gindin tudu ba saboda maganar takarda. Ramla ta dage, har muryarta ta fara wuce inda ya kamata muryar yarinya ta tsaya a gaban babba. Sai ya ɗaga hannu.

"To, gani ya kori ji. Ranar Juma'a da la'asar, ki ɗauki dami ɗaya ki kai can sama, ki kafa shi ina zaune a ƙasa ina kallo. In kin yi, zan kira gayya, in fara da karan gonata. In ba ki yi ba, ki zo ki taya gwaggonki ɗaure kaya."

Ta amsa da sauri, domin tana da abin da ta dogara da shi. Shekarar da ta wuce an tura ta Japan horo kan yadda ake tsayar da rairayi. Ta yi karatu, ta cika kai, amma abin da ya fi zauna mata ba a aji ta same shi ba. Wani hutun ƙarshen mako wata tsohuwar malamarsu ta ɗauke ta zuwa wani gari na kan duwatsu, inda mutane ke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da wasu dogayen alluna biyu a ƙafa, abin da suke kira siki. A can akwai kujeru masu tafiya a kan igiya, suna ɗaukar mutane su kai su sama ba wahala. Tsohuwar ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ja Ramla suka bi ta bayan dutse, inda babu hanya, babu sawun kowa, sai itatuwa da farin shiru. Da Ramla ta taka da takalmi sai ta nutse har cinya. Tsohuwar ta yi dariya, ta fito da wasu dogayen ƙyallaye masu gashi ta manna a ƙarƙashin allunan. Ta kama hannun Ramla ta shafa mata: in ka bi gaba, sulɓi, in ka dawo baya, gashi ya miƙe ya riƙe. Allo ya hana ka nutsewa, gashi ya hana ka komawa baya. Ramla ta tambaya gashin mene ne.

Tsohuwar ta ce na akuya ne.

Ramla ta yi dariya har hawaye suka daskare mata a kumatu. Ta tsallake duniya guda, ta bar awaki suna cin bakin zanenta a ƙasarsu ta Damargu, don a koya mata amfanin gashin akuya! Ranar sun hau har inda gajimare ke ƙasa da su. A sama suka ɓare ƙyallayen suka sa a jaka, suka gangaro. Ta faɗi ba adadi, amma ba ta taɓa jin zuciyarta ta yi sauƙi haka ba.

Don haka tana fita daga zauren Maigari ta nufi lakwal, makarantar bokon garin, ta roƙi katakon wasu karyayyun benci. Masassaƙi ya fere mata su, ya ɗan tanƙwara bakinsu sama. Ta sa aka kafa tsofaffin takalman fata a kai, ta wajen yatsu kawai, don diddige ya riƙa ɗagawa. A kasuwar Tanout ta sayi fatun awaki masu tsayin gashi, ta kai wa kawunta Ila.

Kawu Ila majemi ne, baduku ne, kamar ubansa da kakansa. Jar fatarsa ta karan dafi har Damagaram an san ta. Kullum yana tafe da wani tsohon buzu a kafaɗa, na mahaifinsa, a kansa yake zama, a kansa yake salla.

"Kawu, ka yanka su tsawon allunan nan, ka ɗinke a ƙasa. Gashin ya kwanta ya kalli baya. Kada ka cire gashin."

"Ƴar Japan, a gaban wa za a nuna aikin?"

"A gaban Maigari da duk gari."

"Duk gari," in ji shi, yana jujjuya fatar a hannu.

"Kawu, ka ji ni dai? Gashin."

"Na ji ki. Kunnena bai tsufa ba. Tafi wurin aikinki."

Ta koma Tanout da kwanciyar hankali. Ba ta dawo ba sai ranar Juma'a, motar kasuwa ta makara da ita, ta sauka ana kiran la'asar. Kafin ta sha ruwa gari ya riga ya taru a gindin tudu. An shimfiɗa wa Maigari tabarma a inuwar abin da ya rage na aduwa. Mata sun yi gungu a gefe, Gwaggo Tabawa a gaba, ƙanwar mahaifin Ramla, mace mai jiki da baki, wadda ta fi kowa jan guga a rijiyar nan.

"Ga ta nan!" in ji Gwaggo Tabawa. "An ce za ki hau Baƙo a kan bencin lakwal. Mu da ba mu yi boko ba sai mu tsaya a ƙasa mu yi guɗa."

Sai ga Kawu Ila tafe da babbar riga, ya naɗe allunan a cikin sabon zane, yana ɗauke da su kamar kayan lefe. Ya ajiye a gaban Maigari, ya kware zanen a hankali. Jama'a suka ce "Kai!" gaba ɗaya. Fata ja wur, ta sha bagaruwa, ta sha guga, tana ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa. Ɗinki kamar jeren haƙoran amarya. Ko silin gashi ɗaya babu.

Ramla ta matso kusa da kawunta.

"Kawu," ta ce a hankali, "ina gashin?"

"Na kankare shi." Ya gyara hularsa. "Ke yarinya ce. Fata mai gashi aikin da ba a gama ba ne. A ce a gaban Maigari, a gaban baƙi, an buɗe zane an ga fata da gashinta kamar yanzu aka feɗe, a ce daga majemar Ila ta fito? Ubana sai ya motsa a kabari. Kwana na yi ina guga. Taɓa ki ji."

Ta taɓa. Santsi kamar tafin jariri. Ta dubi fuskarsa, ta ga yadda yake jiran yabo, sai maganar da ta taso mata ta koma ciki. Ta dubi Maigari, ya nuna mata tudu da haɓa. Babu wurin ja da baya.

Ta goya damin kara a baya da zane, kamar yadda ake goya yaro, don hannuwanta su sami riƙe sandunan makiyaya biyu. Ta zura ƙafafu cikin takalman. A shimfiɗaɗɗen wuri abin ya yi kyau, ba ta nutse ba ko kaɗan, har mata suka fara cewa "A'a! Ku duba!" Ta fara hawa. Ta kafa sanda, ta tura ƙafar dama, ta tura ta hagu. Da gangaren ya miƙe sai ta ji ƙasa ta sulale a ƙarƙashinta. Ta tafi da baya, a hankali da farko, sannan da gudu, tana kaɗa sanduna kamar kazar da aka jefa sama, ta zo ta zube a gaban tabarmar Maigari, dami a ƙasa, ita a kai, jajayen alluna suna kallon sama.

Dariyar da aka yi ranar har awaki sai da suka firgita. Gwaggo Tabawa ta riƙe ciki ta durƙusa.

"Wayyo Allah! Ashe a Japan da baya ake hawa! Ɗiyar yayana, ko ki juya ki nufi gari, kila ki tsinci kanki a sama?"

Ramla ta tofar da rairayi. Idonta ya kai kan rijiya, ga guga rataye, ga rairayi ya fara taruwa a bakin dakalinta. Ta ga Maigari yana laluben takalmansa. Idan ya miƙe, magana ta ƙare.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Kawu Ila ya tsuguna kusa da ita, fuskarsa ta yi toka.

"Ɗinkina ne ya saki?"

"Ɗinkinka lafiya lau, Kawu. Kawo hannunka."

Ta kama hannunsa ta ɗora a kan buzun da ke kafaɗarsa. Ta bi da shi yadda gashin ya kwanta, ya sulale. Ta dawo da shi baya, gashin ya miƙe ya tokare yatsunsa. Ya sake yi da kansa, gaba, baya. Ya dubi tudu, ya dubi jar fatarsa mai ƙyalli.

"Innalillahi," ya ce. "Ashe birkin na kankare."

Ya miƙe tsaye, ya juya wajen tabarma. "Ranka ya daɗe, a dakata mini. Ba yarinyar nan ta faɗi ba, ni na kayar da ita."

Ya sauke buzun ya shimfiɗa a ƙasa, ya zaro wuƙarsa ta dukanci daga aljihu. Dariya ta tsaya cak. Kowa a garin ya san buzun nan.

"Ila," in ji Maigari, "na Malam mahaifinka ne fa."

"Malam da ruwan rijiyar nan ya yi alwala har ya koma ga Allah. In mun bar ta, a ina zan shimfiɗa buzun? A bakin hanya, motoci suna watsa mini ƙasa?"

Ya yi bismilla ya tsaga. Ya fitar da dogayen yanki biyu, ya huda gefensu da basilla, ya zura igiyar fata. Babu lokacin farke jar fatar, don haka a kanta ya ɗora, ya ɗaure tam ta baki da ta gindi, yana shafawa yana tabbatar da cewa gashin baya yake kallo.

Ramla ta sake goya daminta. Ta zo inda ta zame ɗazu, ta tura ƙafa, ta saki nauyinta a kai tana jiran ƙasa ta gudu. Ƙasa ba ta gudu ba. Gashin ya cije. Ta tura ɗayar, ita ma ta cije. Ba ta nufi sama kai tsaye ba, ta riƙa yanka tudun a karkace, ta je gefe ta juyo, kamar yadda tsohuwar nan ta koya mata, tana barin sawu mai kama da ɗinkin bakin riga. Gumi ya jiƙa mata kallabi, cinyoyinta suna zafi, karan yana sukar ta a wuya. A ƙasa babu mai tari. Can sai muryar Gwaggo Tabawa ta tsaga shirun:

"Ke! Kada ki waiwayo! In kika faɗo yanzu ni zan zane ki!"

Da kanta ya leƙa ƙololuwa iska ta buge ta a fuska, mai sanyi. Ta ga abin da ba ta taɓa gani ba duk rayuwarta a garin: Damargu a shimfiɗe har ƙarshen ido, gonakin da aka girbe, garken shanu kamar an watsa wake, garinsu ɗan mitsitsi, rijiya kamar ƙwayar ido. Ta kwance damin, ta tona rami da hannu, ta jera karan ta danne gindinsa. Ya tsaya, iska tana kaɗa ganyensa. Guɗar da ta taso daga ƙasa sai da ta ji ta a tafin ƙafa.

Saura sauka. Ta bi ƙololuwa ta yi nesa da saitin rijiya, don kada ta tura mata rairayi. Ta tsuguna ta kwance yankunan buzun, ta rataya a wuya. Jar fatar Kawu Ila ta fito tana ƙyalli a hasken yamma. Ramla ta dube ta, ta tuna yadda ta kwashe ta da baya ɗazu, sai dariya ta kama ta ita kaɗai a kan tudu. Ta juya bakin allunan ƙasa, ta ɗan durƙusa, ta saki.

Kai, jama'a! Rairayi ya riƙa kuka a ƙarƙashinta kamar ana yaga sabon yadi. Kallabinta ya tashi ya bar ta. Ta ji bakinta a buɗe, tana ihun da ba ta san da shi ba. Ta karkata dama, allunan suka bi ta, ta karkata hagu, suka bi ta. Ta iso gindin tudu a tsaye, ta yi ɗan nisa a fili, sannan ta zauna daɓas, tana dariya tana haki.

Kawu Ila ne ya fara isowa, babbar riga a hannu.

"Kun gani?" yake faɗa wa duk wanda ya kama. "Kun ga gudun nan? Wannan guga ce! Fata mai gashi za ta yi wannan? Na gaya mata ita yarinya ce!"

"Kawu, ai gashin ne ya kai ni."

"Shi ya kai ki, ni na dawo da ke. Wa ya fi?"

Gwaggo Tabawa ta ture su duka biyu. Ta riga ta ɗaure zanenta a gwiwa.

"Cire. Cire mini bencin nan."

"Gwaggo, sai an koya."

"Ni da na goya ƴaƴa har na manta adadinsu, kara ne zai gagare ni? Ila, ɗaura mini buzun tsohonka, Allah ya ji ƙansa."

Ta hau, tana zagin tudun tun daga ƙasa har sama, tana kiransa baƙon da bai san kunya ba. Ta kafa daminta kusa da na Ramla. Saukowa kuwa, rabin farko a tsaye ta yi shi, rabin ƙarshe a zaune, ta iso da rairayi har cikin kunne, tana cewa a ba ta wani damin. Maigari Idrisa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Da ya gyara shi sai ya sa aka kira mai shela: gobe gayya, kowa da karansa, kuma duk mai fatar akuya a rataye ya kai majemar Ila.

"Da gashinta!" Kawu Ila ya ɗaga murya. "Wanda ya kankare mini gashi, ni da shi ne!"

Haka aka yi. Duk karyayyen benci da tsohon ƙyauren da ke garin ya zama allo. Maza da mata suna hawa a jere da kara a baya, suna bin sawu ɗaya, suna waƙar gayya. Wahalar hawa ba ta hana kowa komawa ba, domin kowa ya san abin da ke jiransa a sama: ya kwance gashi, ya saki jiki. Har Liman an gani, wai ya je duba aiki ne. Da iskar rani ta zo ta tarar da shinge layi-layi a kan Baƙo, ta zubar da kayanta a can. Ba wanda ya ɗaure kaya. Rijiyar Ɗan Azumi tana nan, Gwaggo Tabawa tana jan guga tana ba da labarin yadda ta koya wa Ramla hawa. Kawu Ila kuma a kan guntun buzun da ya rage yake salla, gwiwoyinsa a kai, goshinsa a rairayi.

To, kai fa? Shingen kara ba ya dawwama, gara tana ci, iska tana karyawa, kowace kaka sai an sabunta. Kuma Baƙo ba shi kaɗai ba ne, ƴan'uwansa suna durƙushe a bayan garuruwa daga Tarka har Belbédji, wataƙila har da garin da aka binne cibiyarka. Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta tuntuni, kai kana ta "Allah ya kyauta". Ya isa haka. In an yi girbin bana kada ka ƙone karanka, kada ka bar shi ya ruɓe. In ka yanka akuya, ka shanya fatar da gashinta. Ka ce wa direba ya tsaya a Garin Ɗan Azumi, ka sauka, ka goya daminka, ka hau.